Dala Ɗari Shida ta Anti Bari

Duk macen da ta zauna a Greenbelt ko Largo, a jihar Maryland ta Amurka, tsakanin 2004 da 2008, in dai tana ɗaura zane, to ta san ɗakin Anti Bari. Ba shago ba ne da za ka hango daga titi. Sai ka shiga kantin Katung, ka wuce buhunan shinkafa da jarkokin manja, ka wuce firjin da yake ajiye ganda da kan akuya, sannan ka ga wata ƙofa mai labulen atamfa. A bayan labulen akwai kekunan ɗinki biyu, da teburin yanka, da dogon madubi, da kujera ɗaya ta masu jira. Ɗakin bai wuce a shimfiɗa tabarma uku ba. Amma in ka ji yadda Bariatu, wato Anti Bari, ke cewa "shagona", sai ka rantse bene ne mai hawa huɗu.

'Yar Zangon Kumasi ce. A can ta koyi ɗinki wurin wata gwaggonta, tun ƙafarta ba ta gama kaiwa ga keke ba. Ta zo Amurka a 1996 da bizar nan ta ƙuri'a, ita da mijinta Abdul-Latif da 'yarsu ɗaya. Shekara biyar da zuwansu ciwon zuciya ya ɗauke mijin, 'yar kuma ta girma ta yi aure a Ohio. Aikin da Bariatu ta samu shi ne wanda matan Zango da yawa ke samu: gidan kula da tsofaffi. Shekara bakwai tana ɗaga mutane daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, tana wanke su, tana ba su abinci a baki. Ba ta raina aikin ba, tsofaffin ma sun so ta. Bayanta ne ya ƙi. Wata safiya ta sunkuya za ta ɗaga wani dattijo, sai ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunta, tun daga ranar kuwa ba ta sake yin ruku'u ba sai ta cije leɓe. Da kuɗin adashi ta sayi kekuna, ta kama ɗakin bayan kantin Katung, ta ninke rigar aikin ta tura ta can ƙasan akwati. Ta ce ita da ɗaga mutum kuma, sai dai jikanta.

Hannunta a ɗinki ba a magana. Bakinta ne matsalar. In ta zagaya miki tef a ƙugu, ba za ta rubuta shiru ba, sai ta faɗi lambar da ƙarfi, har Katung na ji daga wurin lissafi. In kin kawo leshi mai arha kin ce na Dubai ne, za ta murza shi da yatsa biyu ta gaya miki kasuwar da aka saye shi. Matan Kano na yi wa Hausarta ta Zango dariya, ita kuma tana yi wa ƙibarsu, a haka aka zauna lafiya shekara huɗu. Ba ta yi arziki ba, amma tana kwana ba tare da an shafa mata man zafi ba, wannan kuwa ya ishe ta.

Sai 2008 ta shigo da mugun hali. Man fetur ya doshi dala huɗu galan, gidaje suka fara kufce wa masu su, ana rage wa mutane awannin aiki. Mutum in ya ji tsoro, tela ne farkon wanda yake mantawa da shi. Matar da ke ɗinka kala uku don suna ɗaya ta koma ciro tsofaffi daga akwati tana gogewa. Sai a yi kwana huɗu keken Anti Bari bai yi ƙara ba, in ban da sa zif ko rage ƙafar wando.

Cikin watan Afrilu Katung ya ɗaga labule ya shigo, yana murza hula a hannu. Mutumin Kafanchan ne, mai kunya, wanda faɗin magana marar daɗi ke yi masa wuya fiye da sauke buhu hamsin.

"Anti Bari, kin dai ga yadda kanti ya koma," in ji shi. "Akwai wata mai kitso, Olive. Ta ce za ta ba ni hayar wata uku a dunƙule in na ba ta ɗakin nan daga Agusta. Ni kuma wallahi ina bukata."

"To kora ta ka zo yi kenan."

"Haba, Anti. Ke ce a gaba. In kika kawo na wata ukun kafin ƙarshen Yuli, ɗaki naki ne, ita ta nemi wani wuri."

Da ya fita ta ɗauko kalanda. Agusta, Satumba, Oktoba. Azumi zai kama a farkon Satumba, ɗinkin Sallah kuwa ko duniya za ta tashi sai an yi shi. In har ta kai azumi a ɗakin nan, ta tsira. In ba ta kai ba, ta san inda za ta koma, bayanta ma ya sani. Tsoro ta ji, tsoro sosai, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Bayan kwana uku Malam Munzali ya zo karɓar wa matarsa gyaran riga. Shi malami ne a wata kwaleji, darasin tattalin arziki yake koyarwa, kuma irin mutanen nan ne da ko gaishe su ka yi sai ka fita da ilimi. Matarsa Hajiya Najiba ma'aikaciyar jinya ce a Largo, ita ce kuma uwar tafiyar matan Kano na yankin: abin da ta sa shi ake sawa, inda ta kai ɗinki nan ake kaiwa. Ya tarar da Bariatu ta yi tagumi, ya tambaye ta ko ta shigar da takardun harajinta na bara.

"Ni ban taɓa fashi ba, Malam."

"To kwantar da hankalinki. Gwamnati za ta mayar wa mutane wani abu daga haraji. Mutum ɗaya har dala ɗari shida, mata da miji dubu da ɗari biyu, kowane yaro kuma ɗari uku."

"Ei! Haka kawai? Me muka yi mata?"

"So take ku kashe." Ya ɗauki allinta ya zana da'ira a kan wani ƙyalle. "Duba nan. Najiba ta kawo miki ɗinki ta biya. Ke kin biya Katung. Katung ya biya mai kawo masa shinkafa. Shi kuma ya kai motarsa gyara. Dala ɗaya ce, amma ta ciyar da gida huɗu. Kasuwa ta kwanta, ana so a tashe ta ne."

"In mutum ya ɓoye nasa fa?"

"Ba wanda zai kama shi, amma ya ɓata shirin."

"In ya aika gida?"

Malam Munzali ya ja layi daga da'irar zuwa bakin ƙyallen. "Ta fita kenan. Ba ta yi wa kowa aiki a nan ba."

Ranar nan Bariatu ta ji son gwamnatin Amurka kamar 'yar uwarta. Ga shi kuma kowa ya san a ƙarshen Yuni za a aurar da Sadiyya, 'yar Hajiya Najiba, kuma mata wajen talatin ne za su yi anko. Ɗinki talatin! Ta sa wa kekuna mai, ta sayo zare da zif da shafi, ta wanke labule. Duk wanda ya shigo kantin sayen daddawa sai ta tare shi ta yi masa bayanin da'ira, har Katung ya fara ce mata Farfesa.

Kuɗin suka fara sauka a watan Mayu, ba a rana ɗaya ba. Ana bi ne da lambobi biyu na ƙarshen lambar nan da gwamnati ke ba kowane ma'aikaci, wadda mutanenmu ke kira soshiyal. Na banki suka riga samu, masu jiran cek ta gidan waya kuma aka jera su mako-mako. Lambar Bariatu a can ƙarshe take, aka ce mata sai Yuli. Manyan likitoci da albashinsu ya wuce ƙa'ida ba su samu ko sisi ba, suka yi ta ƙorafi a masallaci kamar an ci musu gado. Sauran jama'a dai suka samu. Bariatu ta zauna tana kallon labule. Mayu ya wuce rabi, ya ƙare, labule bai motsa ba.

A bakin wata mai sayen kuka ta ji labarin. An riga an sayi atamfar anko a Kantin Kwari, an kuma bai wa wani tela a Fagge, Malam Ladan, ya ɗinka duka talatin ɗin. Wani mai dawowa daga gida ne zai taho da su. Kowace mace ta tura nata kuɗin, daga cikin na gwamnatin nan.

Bariatu ba ta ci abinci ba ranar. Da Hajiya Najiba ta shigo kantin ranar Asabar, ba ta ko bari ta gama gaisuwa ba.

"Hajiya, ashe Kano kuka kai."

"Anti Bari, ki yi haƙuri, abin ne ya zo da..."

"Mijinki ne ya zauna a kujerar can ya zana mini. Gwamnati ta ba ku ku kashe a nan, ku kuka kwashe kuka tura can. A nan kuke ci, a nan kuke sha, in zif ya ɓalle ana gobe biki ni kuke bugo wa ƙofa. Amma ranar da kuɗi ya zo, sai ku tuna kuna da gida. Mu da muke nan ba mutane ba ne?"

A gaban mata uku ta faɗi haka. Fuskar Hajiya Najiba ta canja. Ta biya kuɗin kayanta ta fita. Katung kuwa ya duƙufa kan jera gwangwanin tumatir da ya riga ya jera.

Kayan suka iso saura kwana tara biki, a nan ne kuma asiri ya tonu. Malam Ladan yana da littafin awo, kowace cikin matan nan da shafinta, tun zuwanta gida na ƙarshe. Wata shekara shida, wata tara. Da ya tambaye su a waya ko za su turo sabon awo, kowacce ta ce, "A'a, Malam, ina nan yadda ka san ni." Haka suka gaya masa, kuma har zuciyarsu haka suka ɗauka. Shekara tara ta cin kaza da zama a mota, amma mace tana nan yadda aka san ta! Bawan Allah ya bi littafinsa, ya yi ɗinki mai kyau, tsaf, na matan da suka bar Kano tuntuni. Cikin riguna talatin, bakwai ne suka shiga.

Da ɗaiɗai suka fara zuwa, kowacce da leda a hammata, tana leƙe kada ta haɗu da wata. Ta farko Bariatu ta ce mata ta mayar Fagge a gyara. Idon matar ya kawo ruwa. Bariatu ta dube ta, ta dubi rigar, ta yi tsaki, ta miƙa hannu. Ba za ta iya ganin mace ta je biki a tsohon kaya alhali tana da keke ba.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Telan bai bar rara a ɗinkin ba, babu kuma sauran atamfa ko yadi ɗaya a duk faɗin Maryland. Sai ta koma kan ɗankwali. Ta yanko tsiri daga kowane ɗankwali, ta farke rigar ta gefe, ta dasa tsirin yadda zanen zai haɗu da zane, har sai ka sa ido sosai kafin ka gane. Riguna ashirin da uku cikin kwana takwas. Wannan karon ba ta faɗi awon kowa da ƙarfi ba, amma wa'azin da'ira babu wadda ta tsira daga gare shi. Hajiya Najiba ba ta zo da kanta ba, aikowa ta yi. Ranar biki a Largo mata suka fito fes, sai dai ɗaurin kowacce ya ɗan yi ƙanƙanta, baƙi daga Virginia har suna tambaya ko sabon yayi ne.

Kuɗin gyara dai kuɗin gyara ne, ko ka kwana uku a kai. Abin da ta samu ya kai rabin abin da Katung ke nema. Sauran rabin kuwa yana hanya, daidai wa daida. Ranar sha huɗu ga Yuli ta buɗe akwatin wasiƙu ta ga ambulan ɗin. Dala ɗari shida, da sunanta a rubuce. Ta hau matakala tana dariya ita kaɗai, ta yi sujada, ta sa cek ɗin a cikin jakar sallayarta. Ta yi niyyar ranar Asabar za ta kai wa Katung a gaban jama'a, don a ga yadda ake kashe kuɗin gwamnati.

Ranar Alhamis da hantsi ƙanenta Issah ya kira daga Kumasi. Ya yi ta zagaye da gaisuwa, har ta ce masa ya faɗi abin da ya kawo shi, kati na ƙarewa.

"Yaya, ruwa ne aka yi shekaranjiya da iska. Ya yaye kwanon ɗakin Mma, katakon ma duk ya ruɓe. Katifarta ta jiƙe. Yanzu tana kwana a barandar maƙwabta."

"Baranda? Mma da tarin nan nata?"

"Ta hana a gaya miki. Ta ce an ce Amurka ma ba lafiya."

Ya faɗi abin da kafinta ya nema. Bariatu ta juya shi zuwa dala a ka, ya zo kusa da ɗari shida, kamar da gangan. Ta tambayi ko ba za a iya jira zuwa bayan Sallah ba, tun kafin ta rufe baki kuma ta ji kunyar tambayar. Damina ba ta san Sallah ba, mahaifiyarta kuwa shekararta saba'in da takwas.

Ta zauna a gaban keke har azahar ba ta ɗinka komai ba. Ba wai tana shawara ba ne, shawara ta ƙare tun a waya. Baƙin ciki take yi, tana kallon ɗakinta. Bayan ta yi salla ta je banki ta canja cek ɗin, ta wuce babban kantin da ke kusa da tashar jirgin Greenbelt, inda ake aika kuɗi. Ta zaɓi tsakar rana ne don kada ta haɗu da kowa. Tana cikin cike takarda, ta rubuta Ghana a gurbin ƙasa, sai ta ji sallama a bayanta. Hajiya Najiba ce, da kayan asibiti a jikinta, da irin takardar a hannu.

Da ƙasa za ta tsage da Bariatu ta shige. Ta sa hannu ta rufe takardar, sannan ta ga rufewar ba ta da amfani, ta janye. Ta tsaya tana jiran a rama mata, ta kuma san ta cancanta.

Hajiya Najiba ta dubi takardar, ta dubi fuskarta. "Wa ke can, Anti?"

"Mma ce. Ruwa ya ɗauke rufin ɗakinta."

"Subhanallahi. Allah ya tsare gaba, ya ba ki ladan. Malam Ladan mijin marigayiya yayata ne. Ta bar masa yara shida. Ba ya karɓar kyauta, ko na aika sai ya dawo da ita. Aiki kaɗai yake karɓa."

"Me ya sa ba ki faɗa ba ranar nan?"

"Kin ba ni wuri?"

Bariatu ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga. Ta ce, "Ki yafe mini, Hajiya." Hajiya Najiba ta ce ba komai wallahi, ta karɓi jakarta ta riƙe mata don ta ji daɗin sa hannu. Yarinyar da ke bayan gilashi ta tambayi nawa za a tura. Bariatu ta tura mata kuɗin gaba ɗaya ta ƙarƙashin gilashin, ta ce a cire ladan aike, sauran duka a tura.

Ba ta gaya wa Hajiya Najiba zancen ɗaki ba, ba ta kuma roƙi Katung ya ƙara mata lokaci ba, don ta ga yadda firjinsa ɗaya ya mutu ya kasa gyarawa. Shi ne ma ya yi ta ba ta haƙuri, ya ɗauko motarsa ya kai mata kekunan gida. Ɗaya ta samu wuri a falo, ɗayar aka tura ta ƙarƙashin teburin cin abinci. Matan Largo sun ji labari daga baya, wasu sun bi ta da ɗinkin Sallah har gida, amma mai gidan haya ba ya yarda da shige da fice, ga shi kuma a lokacin tana wuni a tsaye wurin aiki, ba ta iya zaman keke da yawa. A farkon Agusta ta koma gidan kula da tsofaffi. Sun karɓe ta hannu biyu, don irin aikin nan ba ya rasa gurbi ko kasuwa ta mutu.

Tana mako na biyu da komawa, lokacin hutun rana, tana zaune a bencin bayan gini ta jingina ƙugunta da bango, sai waya ta yi ƙara. Issah ne, ya ce ga Mma.

"Bariatu, jiya an yi ruwa tun la'asar," in ji tsohuwar cikin murna. "Ina kwance a ɗakina ina jin sa a kan sabon kwano. Ko ɗigo bai taɓa ni ba. Allah ya yi miki albarka, ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini."

"Amin, Mma. Tarin fa?"

"Da sauƙi. Ke fa, ya shago? Ana samun ɗinki?"

Bariatu ta dubi fararen takalman aikin da ke ƙafarta.

"Mun gode Allah, Mma."

Suka yi sallama. Ta sa wayar a aljihu, ta dafa benci da hannu biyu ta miƙe a hankali, ta koma ciki. Akwai wata tsohuwa a ɗaki na sha biyu da ke jiran a ɗaga ta.